Takardar Dunƙule a Bakin Murhu

Bayan farin da ya cinye mana dabbobi muka baro Kalfu muka dawo Tawa, ni da maigidana. Shi ya samu aikin planto, wato masinja, a wani biro, ofis ke nan, ni kuma na kama sana'ar mahaifiyata, daudawar batso, wadda ake yi da ƴaƴan yakuwa. Ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau. Matan unguwa har rige-rige suke yi, kafin ta gama shan iska a tabarma an saye. Da ita muka tsallake watannin da albashinsa ba ya kai mu ko tsakiyar wata.

Wata ranar kasuwa sai ga mota da lasifika a kanta. Lokacin mulkin soja ne, in mota ta zo da lasifika kowa ya san sanarwar hukuma ce, don haka muka bar abin da muke yi muka taru tsit. Ashe tallar dunƙule ce, ɗan abin nan mai kusurwa huɗu da ake jefawa a miya. A jikin motar an zana wata mata mai kumatu tana murmushi, mijinta a gefe yana lasar yatsa. Mu da muka fito daga yunwa, kumatun nan kaɗai sun isa su tafi da hankalinmu. Aka raba wa kowa ɗaya kyauta, a naɗe cikin takarda mai walƙiya.

Ba a yi nisa ba na fara jin abin da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni: wai daudawa tana wari. To, da can turare take yi? Matar da nake bai wa gyara kullum ita ce ta fara toshe hanci in ta wuce ƙofata. Ɗaya bayan ɗaya suka janye, har ya rage saura yayar maigidana kaɗai ke aikowa. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Ina cikin wannan sai ga maigidan kansa da ƙunshin dunƙule. Ya ajiye a gabana ya ce, "Daga yau wanga za ki sa muna. Duk mutanen biro shi suka ci. Wancan abu na ƙauye a bar shi hakanan."

Mutumin da aka yaye da miyar daudawa! Na karɓa na ajiye. Kullum sai in ɓare dunƙule ɗaya, in jefa shi cikin wani tsohon gwangwani, in yar da takardar a bakin murhu inda idonsa zai faɗa. Miya kuwa da daudawata nake yin ta, kamar yadda na saba. Ya zo ya ga takarda tana walƙiya cikin toka, ya zauna ya share akushi tas, yana cewa, "Kin gani ko? Ai ni na hwaɗa miki." Har wata ƙiba ya fara.

Na bar shi ya yi ta yabo, domin ina da shiri. Maganar ma'aikacin biro tana da nauyi a unguwarmu, ko da shara yake yi a can. In ya faɗa da bakinsa a gaban mutane cewa daudawata ce yake santi, na san matan nan za su dawo.

Wata Juma'a ya gayyato abokin aikinsa cin abincin rana. Suka ci tuwo da miyar kuka a zaure, ina jiyo shi yana cika baki: "Ka ji miyaz zamani. Tun da na hana ta sa daudawa gidanga ya gyaru." Sai na ɗauko gwangwanin, na yi sallama, na juye shi a kan tabarma. Dunƙule ya zube, ko ɗaya ba a taɓa ba.

Na ce, "Malam, ga dunƙulenka dut. Abin da kuka sha yanzu daudawata ce."

Baƙon ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Maigidana ya dubi dunƙulen, ya dubi akushin da ya suɗe har yana sheƙi, ya sansana yatsunsa. Sai ya ce, "Ashe shi ya sa kwanakin ga nika jin wani wari-wari."

Wallahi da ba don baƙo ba da na kifa masa akushin a ka.

Daga ranar na ba shi abin da ya nema, dunƙule zalla. Yakan ci rabi ya ture, ya ce zafi ne ya hana shi ci. Matan ba su dawo ba, tukunyar daudawa ta koma sai jefi-jefi nake ɗora ta, don yayarsa kawai. Shi kuma ya tsiro da sabon zumunci, kusan kullum yana gidanta da rana. Wata rana ya dawo yana sakace, ya tsaya a kaina ya ce in je in koyi miya wajen Yaya.