Sarƙar da ta murɗa hagu

A gidanmu na Tsafe an san ni da mataccen hannu. In na yi kitso ya warware, in na yi ɗinki sai an farke. Yayata, wadda ke aure a Bungudu, ita ce mai hannu, ni kuma mai baki. Na yarda da wannan rabon har na haifi 'ya'yana, amma abin yana cin raina, ban dai taɓa faɗa ba.

Da muka koma Damba a Gusau, sai na samu maƙwabciya 'yar Filato, mijinta ma'aikacin gwamnati ne. Tana yin sarƙar ƙananan duwatsu, irin masu kamar ƙwayar gero, matan cocinsu suna saye. Akwai wata murɗaɗɗiya kamar igiya da ta tsaya mini a rai. Na ce ta koya mini, na kuma gargaɗe ta cewa za ta sha wahala.

Aikin ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Ki ɗebi duwatsun tsakiya da na gefe a allura, ki koma ta cikin na tsakiyar, ki ja zare, ki tura maɗaukin da na gefen suka yi gefe guda. Haka za ki yi ta yi har murɗin ya fito da kansa. Nawa bai fito ba. Allura ta yi ta sukar yatsana, zaren ya yi sako-sako, abin ya zama kamar hanjin kaza. Na ce mata ta bar ni, dama an faɗa.

Ina tashi zanina ya ture farantin duwatsun, suka watse a siminti. Na durƙusa ina tsincewa, ita kuma ta tsaya kallona.

“Maman yara, da wane hannu kike tsincewa?” in ji ta.

Na duba, hagu ne. Na ji kunya kamar an kama ni da satar nama. Na gaya mata bahaguwa aka haife ni, tun ina ƙarama aka yi ta bugun hannun har na bar shi.

“Abinci dai ki ci da dama,” ta ce. “Allura ba ruwanta.”

Ta tashi daga gefena ta zauna gabana, ta ce in riƙe allurar da hagu, in yi abin da na gani kamar a madubi. Kafin la'asar murɗin ya fara fitowa, sai dai nawa ya juya ta ɗaya gefen. Ta ce ba laifi ba ne, haka na bahagwai yake.

Da na gama sarƙar na hau mota na kai wa Yaya Bungudu. Ta juya ta a hannu ta ce, “Wagga ta yi kyau. Ina kika saye ta?”

Na fito da allura da duwatsu na zauna kan tabarmarta na fara wata. Ta daɗe tana kallon hannuna, ba ta yi tsokanar da ta saba ba.

“Ni aka sa in riƙa bugun shi,” ta ce. “Da muciya.”

Na ce na sani, ban manta ba. Ta matso da farantin duwatsun kusa da hagun nawa, na ci gaba.