Layin Kaka a Gem

Ƙarfe bakwai saura kwata na yamma, wata Asabar cikin damina, Kawu Ishaya ya ajiye kwalin a kan tebur a gidanmu na kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa a Kafanchan. Waɗanda ke wurin su ne Baba, da ni Saratu, da ƙanena Bulus, da Kaka mahaifiyar Baba, wadda aka ɗauko daga wajen Kwoi bayan ciwon gwiwa ya raba ta da gonar citta. Mama tana madafa.

A cikin kwalin akwai na'urar gem da ake jonawa a talabijin, da rimot biyu masu igiya, da kaset ɗaya rawaya da ya zo tare da ita. Hoton jikin kaset ɗin ya yi alkawarin wasanni barkatai. Da muka bi su ɗaya bayan ɗaya, sai muka tarar 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa da sabon suna. Ba a taɓa sayo mana wani ba. Rimot ɗaya kuma tun ranar farko ya ƙi aiki, sai ya zama dole a bi layi.

Ni ce babba, ni na kafa doka. Na farko, daga babba zuwa ƙarami. Na biyu, wanda ya mutu ya miƙa. Na uku, ba a karɓe wa mutum rimot yana cikin wasa.

Wasan da muka fi so shi ne na tubala. Suna faɗowa daga sama, kana juya su kana jerawa, in sahu ya cika sai ya ɓace. Suna ƙara sauri har su taru su kai sama, shi ne mutuwa. Ba wanda ya taɓa cin wasan nan.

Kafin zuwan gem, yamma ta Kaka ce. Tana da murhunta a bayan gida, inda take gasa masara tana ba mu tatsuniya. Bayan zuwansa, sai an ɗauke wuta muke tunawa da ita. Ba ta yi ƙorafi ba. Ta jawo kujerarta falo, ta yi makonni tana kallo. Ran nan Bulus ya mutu a wasan, ya miƙo mini rimot, sai ta yi gyaran murya. Hausar Kaka ba ta damu da mace ko namiji ba.

"Saratu, dokarki ya ce daga babba. Wane ne babba a gidan nan?"

Baba ya rage rediyo. "Haba, Mama. Kayan yara ne wannan. In matan zumunta na coci suka ji fa?"

"Su ji. Su zo su bi layi."

Bulus ya ce, "Kaka, bari in riƙe miki. Ke dai ki riƙa cewa hagu ko dama."

"Na ce maka ina neman ɗan aike?"

Baba ya ce maganar ta ƙare, ba za a mai da uwarsa abin dariya a kwatas ba. Ta amsa masa da yaren Jaba, kalmomi kaɗan, ya yi kamar bai ji ba. Ba a jima ba aka ɗauke wuta, muka bi ta bayan gida.

Ta hura gawayi, ta ce, "Labari ya tsaya a bakin ƙofa." Muka ce, "Ya shigo."

Wai akwai wani gari a bakin rafi inda samari ke ƙaunar tsofaffinsu ƙwarai. Ba sa barin ƙafar tsoho ta taɓa ƙasa. Goya shi ake zuwa kasuwa, goya shi ake zuwa biki, in zai yi magana jikansa ya ƙarasa masa. Baƙi na zuwa suna yaba garin. Tsofaffin kuwa suna ta ƙanƙancewa a bayan mutane kamar buhun da aka zazzage. Sai wata tsohuwa ta ce ita gobe za ta haye rafi da kanta, a kan duwatsun da ake takawa. Aka roƙe ta, aka yi kuka, hakimi ya aiko. Da safe ta ɗaure zane, gari duka ya fito kallo. Ta taka dutse na fari. Ta taka na biyu, ya motsa. Ta ɗaga ƙafa za ta taka na uku.

Kaka ta tsayar da labarin nan, ta juya masara.

"Sai me, Kaka?"

"Sauran yana cikin akwatin can na falo."

Mun ɗauka wasa take. A kwanakin nan wuta ta yi ta ɗaukewa, mu zauna a gaban murhu, ta ba mu masara, ta hana mu labari. Bulus ya roƙa, ya yi mata tausa a gwiwa, har kuka ya yi. Ni abin da ya dame ni daban ne. Dokata ce ake takawa, kuma a gabana.

Na sami Baba yana goge takalmin coci. Na ce, "Baba, ko a ba Kaka layinta, ko a mayar wa Kawu kayansa. Ba zan tsare rabin doka ba."

Ya ajiye takalmin, ya ce, "Ke da kakarki, Allah ya shirya. Ku yi. Amma a saki labule."

Daga ɗaki Kaka ta ce, "A ɗage shi!"

A ɗage aka bar shi. Yaran maƙwabta suka cika taga. Ta ɗora rimot a cinya, tana latsawa da yatsa ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a acca. Tubalan suka fara taruwa a tsakiya, babu wanda ya shiga wurinsa. Bulus ya kasa daurewa, ya miƙa hannu. Ta make shi.

"Kaka, za ki mutu!"

"Nawa ne. Bar shi."

Nan da nan tubalan suka kai sama. Yaran taga suka kwashe da dariya, ita ma ta yi, har tana share ido da gefen zane. Ta miƙo mini rimot. "Wanda ya mutu ya miƙa."

A wurin, wuta na nan, ta ƙarasa labarin. Tsohuwar ta taka dutse na uku, ta zame, ta faɗa ruwa. Samari suka rugo, ta ce duk wanda ya taɓa ta ba jikanta ba ne. Ta rarrafo ta fito, ta matse zane, ta koma gida a ƙafa.

Bulus ya ce, "To yaushe ta haye?"

"Wa ya ce maka ta haye? Washegari dai ta koma rafin."

Mun ji haushin ƙarshen nan. Mun so ta haye, ko ta tsinci zinariya a ƙasan ruwa. Ita ma Kaka ba ta taɓa iya wasan ba har ta bar duniya, amma ba a sake tsallake layinta ba.

Yanzu Baba ne a wurina, ya tsufa, hannunsa na rawa. Yana da waya. In zai kira Bulus a Mararaban Rido, yakan kira mai gyaran famfo tukuna. Ya taɓa tura hoton kunnensa ga dukan dattawan ikilisiya. Bulus ya bugo mini yana faɗa: "Yaya, ki karɓe wayar nan, kunya yake ba mu." Na ce ban karɓa ba, ba zan karɓa ba, kuma duk jikan da ya fizge ta da sunan taimako zai gamu da ni. A aikina na asibiti na ga tsofaffi da yawa da aka yi wa komai har suka daina neman komai. 'Ya'yansu masu kirki ne, ban musa ba.

Kai mai karatu, in akwai tsoho a gidanku, ga abin da nake roƙo. Ka nuna masa wurin latsawa, sau biyu in ya nema. Sannan ka mai da hannunka aljihu, ka bar shi ya ɓata abinsa da kansa.