Haƙorin Afra'u a Kofin Madara

Duk wanda ya taɓa shan shayi a teburin Imrana da ke unguwar Treichville ya san giɓinsa, don mutum ne mai dariya baki buɗe. Yana ɗan shekara goma sha shida aka fitar masa da haƙoran gaba biyu a damben zamani. Ya kwaso su a tafin hannu ya kai gida a unguwar Williamsville, mahaifiyarsa ta karɓa ta jefa kan rufin kwano, yadda ake yi wa haƙorin yara. Sai bayan shekaru wani likita ya gaya masa da an tsoma su a madara an garzaya asibiti, da wataƙila suna bakinsa. Har yau abin yana cin ransa.

Shi ya sa ya kafa teburinsa a ƙofar gidan koyon dambe. In matashi ya sayo robar kare baki, Imrana ne zai tsoma ta a ruwan zafi, ya sa shi ya ciza har ta ɗauki siffar haƙoransa. Mu 'yan zaman benci mun sha yin mita, wai butar shayinmu ta koma ta dafa roba. Ko a jikinsa.

Wadda ta fi ba shi ciwon kai ita ce Afra'u, 'yar ƙanwarsa mai kiransa Tonton, wato kawu, ɗalibar dambe mai shekara goma sha biyar, hannu da nauyi, kunne da ƙashi.

"Tonton, robar nan tana hana ni numfashi."

"Duba bakina. Iska na shiga sosai. Haka kike so?"

Ta yi dariya, ta ci gaba da tofar da ita idan koci ya juya baya. Wata Asabar da hantsi muka ji ihu daga ciki. Afra'u ta fito da jini har haɓa, abokiyar gwajin dambenta tana biye da haƙorin Afra'u na gaba a hannu, tana neman tsumman da za ta goge shi.

"Kar ki goge! Kar ki taɓa saiwar," in ji Imrana.

Ya zuba madara mai sanyi a kofi, ya jefa haƙorin, ya dafe bakin kofin da tafinsa. Ya bar mana buta a kan wuta, ya tare mota a tsakiyar titi. Afra'u ta ce har suka isa wurin likitan haƙori bai ɗaga hannun nan ba. Likita ya mayar da haƙorin, ya ɗaure shi da siririyar waya.

Sai da aka yi wata biyu ta dawo teburin. Imrana ya miƙa mata burodi bai yanka ba, ya tsaya yana kallo. Ta gatsa da haƙoran gaba. Na ga idonsa ya kawo ruwa, ni ma sai da na kau da kai.

Ta ciro sabuwar roba daga aljihu ta ajiye kusa da butar.

"Tonton, a dafa min."