Laifin ba na wayar Malam Lawali ba ne

Da safiyar nan ina ɗaura takalmi zan fita aiki saƙo ya shigo: Malam Lawali Mai Rediyo ya rasu jiya a Tsafe wurin 'yan'uwansa, bayan jinyar kwana huɗu. Har an yi jana'iza.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Duk wanda ya san rumfarsa a hanyar tasha nan Gusau ya san mutum ne marar yawan magana. In ka kai masa rediyo sai ya fara kara kunne tukuna kafin ya taɓa sukudireba. Sau biyu yana gyara mini fitilar caji yana cewa in tafi da kuɗina, wai bai yi komai ba.

Amma ba wannan ya sa nake rubutu ba. Akwai haƙƙinsa a wuyana.

Muna da kaset guda ɗaya na muryar mahaifinmu, wanda ya ɗauka a Bungudu ya aika wa yayana lokacin yana aiki a Legas. Shi kaɗai ya rage mana. Rabona da jin sa ya fi shekara goma sha biyar, don ba ni da abin kunna shi. Bara na kai wa Malam Lawali ya juye mini a memori kafin zaren ya lalace. Ya haɗa tsohuwar rediyo mai kaset da kwamfuta da wata siririyar baƙar waya, ya juye.

Da na saurara a gida sai na ji wani shuuu a bayan muryar Baba, tun daga sallama har ƙarshe. Na tuna siririyar wayar nan, nan take na yanke hukunci.

Washegari a majalisarmu ta Damba, gaban mutum bakwai, na ce Lawali ya ɓata mini muryar uba da wayar banza. Na duba littafin da nake rubuta al'amuran yini, bakwai ɗin ne, sunayensu na nan. Biyu daga cikinsu sun fasa kai masa aiki.

Sai na sayi waya mai kauri, mai baki ruwan zinariya, wadda mai shagon ya rantse tana tace sauti. Na kai masa na ce a sake da wannan.

Ya jujjuya ta a hannu ya ce, “Wagga kam ta yi ado, kamar za ta gidan biki.”

Ya zaunar da ni a benci, ya ce in ba shi baya. “Kai da ba ka rabo da biro, Malam Sanusi, rubuta wadda kaj ji.” Ya riƙa sauya wayoyin biyu yana maimaita wuri ɗaya a kaset ɗin, har sau goma. Kowane karo ina rubutawa: tawa, tasa, tawa. Wasu ma har na ja musu layi don na tabbata.

Huɗu na ci.

Ya ce, “Ko canki-canka kaka yi ai ka fi haka.”

Ya ɗora mitarsa a kan kowace, allurar ba ta bambanta su ba. Ya ce wayar da ta tsinke ta ciki, ko bakinta ya yi tsatsa, ko doguwa da aka ratsa ta gindin janareta, wannan ko kurma ya san da ita. Amma lafiyayyu biyu masu tsawon kamu ɗaya, zinariyar ta ido ce, ba ta kunne ba.

Ban gamsu ba. Abin da na rubuta a littafina ran nan shi ne: wataƙila kunnena ne ya gaji. Kuma shuuu ɗin na nan da kowace waya.

Ranar Juma'a na je Bungudu na kunna wa Inna. Ta saurara har ƙarshe. Na ce ta yi haƙuri da ƙarar, aikin mai gyara ne.

Ta ce, “Wane mai gyara? Ruwa na bisa kwano. Babanku ya so a jira ya ɗauke, mai kai saƙon ya ce motarsu za ta tashi.”

Ruwan sama ne na damina, a kan rufin ɗakin da aka haife ni.

Na daɗe ina jin nauyin komawa. Sai mako uku da suka wuce na je, na same shi yana liƙin dalma. Na gaya masa abin da Inna ta ce. Bai ɗago ba, ya yi 'yar dariya.

“To ka gode Allah ban taɓa shi ba. Na so in rage ƙarar, na ga zai tafi da rabin muryar tsoho.”

Na ce ya yafe mini.

“Mi ka yi mini?”

A nan na kasa. Na ce gardamar da na yi masa. Ya ce gardama ai ba zunubi ba ce, ya miƙo mini goro. Na tafi ban faɗa masa maganar majalisa ba. Ban sani ba ko ta riga ta kai gare shi ya yi shiru, ko bai taɓa ji ba. Yanzu ba wanda zan tambaya.

Don haka ku bakwai ɗin nan, da duk wanda kuka gaya wa: abin da na faɗa ba gaskiya ba ne. Wayarsa lafiya lau take, aikinsa mai kyau ne, ni ne na yi magana kan abin da ban sani ba. A gabanku na ɓata shi, a gabanku nake janyewa. Gobe in Allah ya kai mu zan je Tsafe in faɗa wa iyalansa da bakina.

Allah ya jiƙan Malam Lawali, ya haskaka makwancinsa, ya ba iyalansa haƙuri. Ni kuma Allah ya yafe mini abin da ban samu na roƙe shi ba.

Wanda duk ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.