Ƙafar Muntaka da Ƴan Dubiya

Tun da gemu ya fito wa Muntaka mai tsire, rani bai taɓa samunsa a Matameye ba. Da an kai gero rumbu sai Kano, inda yake da tukuba a bakin wata tasha, irin wurin da in ka makara wani ke hura wutarsa. Bana ana tsakiyar girbi bututun hayaƙin kabu-kabu ya lashe shi a ƙwauri. Ƴar ƙuna ce, amma ta miƙe ƙafa ta zama gyambo.

Fadima, ma'aikaciyar asibiti, ta wanke ta ɗaure, ta yi masa bayani da harshen sana'arsa.

"Ka san yadda ganyen gwanda ke tausasa maka tsohon nama? Jiki ma yana da nasa mai cinye mataccen nama a ciwo, da kuma mai tsawata masa in ya gama. To a ƙafarka mai cin ya fi ƙarfin mai tsawatarwa, har sabon naman yake haɗawa. Duk dattin da ya shiga ƙara tunzura shi yake. Kada kowa ya kwance sai ni."

"An gama, Madam."

Sai dai Muntaka mutum ne mai jama'a, bakinsa kuma bai iya "a'a" ba. Kawu Manu ya fara isowa.

"Tun daga Tsauni na taho, in koma ban ga ƙafar ba? In ce wa mutane me?"

Muntaka ya kwance bandeji. Goggo Indo ta duba, ta barbaɗa garin magani. Sallau, abokin tafiyarsa, ya leƙa ya ce, "Wannan ai yaji kaɗai ya rage a zuba mata."

Matarsa Najaha ta gaji da dama wa baƙi fura.

"Maigida, ƙafar nan taka ce ko ta unguwa?"

"Haba Najaha, manya ne fa. Da wane ido zan hana su?"

Ranar tafiya Kano mazan unguwa suka zo sallama, kowa sai da ya gani. Yana zaune a zaure, ƙafa bisa turmi, ya ji motar ta tashi.

Unguwa ta yi tsit. Ba mai sallama, ba mai cewa a buɗe. Da Fadima ta kwance bayan ƴan makonni, sai ga jan nama yana tahowa daga gefe.

"Me ka yi mata?"

"Ba ni ba ne, Madam. Jama'a ce ta tafi."

Da la'asar Sallau ya bugo waya daga Kano.

"Sai haƙuri, wani ya kafa wuta a tukubarka. Af, mutane suna ta tambaya. Buɗe ƙafar ka ɗauko mana hoto."

Muntaka ya dubi bandejin. Hannunsa ya fara tafiya da kansa zai kwance. Najaha ta ɗauke wayar ta jefa a tukunyar kuka, ta rufe.