Anti Reza Ta Ajiye Aiki

Kafin masu shara su iso, Anti Reza ta buɗe ɗakin gwajin tsirrai. Ɗalibai suka laƙaba mata sunan, don da reza take yanka ganye siriri har haske ya ratsa shi, ta rina, ta ɗora a gilashi ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ba ta iya zama. Ido ɗaya a madubi, ƙafa na kaɗawa, tana mita ita kaɗai.

Aikinta raba tsirrai 'yan uwan juna, waɗanda ido ke rantsuwa ɗaya ne. Ita kuwa sai ta leƙa gashin bayan ganye, da jijiyoyinsa, da garin furen.

Waɗanda suka shaida ba su manta ranar da wani likita ya shigo da ƙunshin busasshen ganye ba. Wata mai jego ce ta sha, tana kwance rai a hannun Allah.

"Anti, duba mini. Maganin ne, ko ɗan uwansa mai guba?"

Ta yanka, ta duba. Ganyen ya marmashe, ya ƙi nuna komai. Ta tashi, ta zagaya tebur, ta sake yankawa.

"Anti, lokaci fa!"

"Ɗana, in na yi maka ƙarya da sauri, wa na taimaka?"

Ta zazzage ƙunshin kaf a kan farar takarda, hannunta na tono, har ta tsinto guntun fure. Ta kakkaɓe garinsa a gilashi. Na magani sumul yake. Wannan duk ƙaya.

"Mai gubar ne. Ruga!"

Da likita ya san gubar, ya yi maganinta, mai jegon ta tashi. Amma Anti ba ta natsu ba sai da ta bi kasuwa ta gano mai sayarwar, ta tsaya a kansa ya tsince sauran mai gubar daga kayansa, ta nuna masa inda ya ruɗe.

Yanzu hannu ya soma rawa, ta ajiye aiki. 'Yarta ta ce gida ya kasa riƙe ta: ko albasa ta yanka, sai ta ɗaga ta duba a rana.

Anti, ke ce mai raba tagwaye. Ke ce ba ki taɓa cewa "kamar shi ne" ba. Mun gode, Allah ya saka.

Ku da kuka gaji kujerarta, in kuna shakka, ku sake yankawa.