Gangamaun Hajja Kulu

Ku da kuka san Hajja Kulu, kakarmu ta wajen uwa, kun san ba ta amsa gaisuwar jika sai ta ga hannunsa. Mu dawo daga makaranta da la'asar, ni da ƙanena Sa'adu, allo a hammata, mu iske ta zaune kan kifaffen turmi a tsakar gida. Ba sannu ba komai, sai ta ce, "Miƙo." Ta juya hannun gaba da baya, ta leƙa ƙarƙashin farce. In yatsu sun yi rawaya, ka ci guzurinka, wuce. In ba su yi ba ka shiga uku, don Hajja ba ta duka, kallo take yi, ni kuwa gara a zane ni da tsumagiya da wannan kallon.

Rawayar nan ta gangamau ce. A Wurno kowa ya san gangamau kayan dukawa ne, da shi suke rina fata. Hajja kaɗai ke zuba shi a tukunya. Ta tafi Makka da ƙafa tana da ƙuruciya, ita da mijinta, ta dawo ita kaɗai da furfura, da kuma girkin wata Bahindiya da suka zauna ɗaki ɗaya a can. Gidan malaminmu yana can bayan fadamar albasa, ba a dawowa da rana, saboda haka kowane yaro da guzurinsa. Na sauran yara fura ne ko ɗumame. Namu kuwa wake ne da aka surfa aka dafa har ya narke, da gangamau da citta da tafarnuwa, a soya albasa cikin man shanu a kwarara a kai. Sai wata 'yar gurasar alkama fallen-fallen da take gasawa a kasko, da nono mai yankakkiyar albasa a ɗan ƙoƙo. Ta ce mutanen Hindu dal suke ce wa waken. Mu dai dole muka sa masa, kuma sunan ya dace da shi.

Alewa da nakiya kuwa, ko sunansu ba a ambata a gabanta. Ta ce su ke cinye haƙori su bar ciki fayau. Sa'adu, da yake Allah ya zuba masa kwaɗayi, sai ya samo dabara. Akwai Dikko, ɗan maƙwabciyarmu Tumba, yaro siriri da bai taɓa ƙin abinci ba. Sa'adu ya riƙa ba shi dolensa yana karɓar nakiya, in za mu dawo ya ratsa ta rumfar dukawa ya tsoma yatsu a kaskon rini. Aka kwana biyu abin yana tafiya. Ran nan Hajja ta duba hannun, ta ga rawaya har wuyan hannu, sai ta ce ya buɗe baki. Ta sunsuna, ta sake shi.

"Hannu ya ci ya ƙoshi," in ji ta, "baki na azumi. Gobe sai ka tahi da harshen wurin dukawa su rina ma shi."

Da ta gano Dikko ke cin dolen, ba ta hana shi ba. Washegari ƙoƙo uku ta ɗaure.

Ku da kuke yara a lokacin kuna dariya, amma ni na girma da tsoro iri biyu, tsoronta da tsoron abin da ake faɗi a kanta. A bakin rijiya mata kan yi shiru in na iso. Tsohuwa ta tafi da miji ta dawo babu shi, tana dafa abin da ba a san sunansa ba, tana rina 'ya'yan mutane daga ciki. Ba a fito an ce mayya ba, amma uwaye sun fara jan 'ya'yansu in ta gifta. Da uwarmu ta gaya mata cikin kuka, Hajja ta yi dariya har da tari, ta ce da ƙarfi yadda za a ji ta bayan danga, "In ni mayya ta, mi za ni yi da ƙashi? Ku bari in kitsa su tukun." Wallahi na so ƙasa ta tsage. Kafin kasuwar Rabah ta ci, maganar ta zagaya gari, kuma babu wanda ya ɗauke ta wasa.

Da damina ta yi tsakiya zazzaɓi ya kayar da Dikko. Ya daina ci, ya fara sambatu, kuma cikin sambatun ya kira sunan Hajja. Tumba ta duba yatsunsa ta ga rawaya, ta fasa ihu. Kawu Bawa, ƙanen uwarmu, ya ji ƙishin-ƙishin, ya zo da jakinsa tun hantsi ya ce Hajja ta hau su tafi Goronyo kafin mutane su taru. Ta ce wake na kan wuta. Ya roƙe ta don Allah don Annabi, ta ce ya miƙo mata ludayi.

Da azahar suka zo. Ina jin hayaniyar tun daga nesa, na kama Sa'adu muka shige bayan rumbu. An ɗauko Dikko a tabarma aka ajiye tsakar gidanmu, ga maza cike da zaure, wasu da sanduna, yara kan danga da hoge a hannu. Kun san abin da ake sa wadda aka zarga, ta tuɓe ta tsallake mara lafiya a gaban jama'a, wai ta sako kurwarsa. In ta ƙi, abin da ke biyo baya ba shi da daɗin faɗi.

Tumba ta zube gabanta ta ce, "Hajja, ki ji tsoron Allah, sako min ɗana."

Hajja ba ta ko dube ta ba. Ta durƙusa ta ɗaga fatar idon yaron, ta taɓa cikinsa, ta tambaya mi ya ci tun da ya kwanta. Aka ce jiƙo da rubutu. Ta ce ban da su fa? Aka ce babu.

"Yaro na kwance da yunwa, kunka zo in tsallake shi? Ba ni tuɓewa, ba ni tsallake kowa. Ku bar min shi nan. In yam mutu ga ni, ba inda za ni."

Wani daga zaure ya ce wato a bar wa kura ajiya ke nan. Liman ne ya tsawatar, ya ce a bari a gani, amma Tumba ta zauna tare da ɗanta, kuma a sa mutum ƙofa. Aka sa ƙanen mijin Tumba da sandarsa.

Kwanakin nan ban san ɗanɗanon komai ba. Hajja ta dafa shinkafa da surfaffen wake ruwa-ruwa, da gangamaun nan dai da ya jawo mana bala'in, ta ci loma a gaban Tumba, sannan ta riƙa ɗiga wa yaron a baki. Ya amayar, ta share, ta sake. Ni ke riƙe mata ƙoƙon, shi ya sa na ga abin da ba wanda ya gani. Hannunta rawa yake yi, ludayin yana ƙwanƙwasar haƙoran yaron. Hajja Kulu da ke tsorata mu duka, ashe ita ma a tsorace take. Ta lura na gani, ta zare min ido ta ce sanyin damina ne. Ko mai tsaron ƙofa bai tsira ba, kullum sai ta aika masa da ƙoƙo. Ranar farko ya kifar, rana ta biyu ya waiga ko ana kallonsa.

Da Dikko ya tashi zaune ya ce a ƙara masa, na fita da gudu ina murna, na ɗauka an wanke ta. A bakin rijiya na ji abin da ake cewa. Wai kun gani, da ta ga sanda ai ta sako kurwar.

Na dawo ina kuka na gaya mata. Tana murza alkama, ko ɗago kai ba ta yi ba. Na ce, "Hajja, kin san haka za su ce?"

"Tun ran da anka kawo shi na sani. In yam mutu na cinye, in yat tashi na sako."

"To don mi kika karɓe shi?"

Ta daɗe tana murza kafin ta ce, "Na taɓa binne yaro bakin hanya, ba ni da abin da zan sa mai a baki. Wanga ina da shi." Daga nan ta ce in share majina in tafi in tsince wake, gobe akwai makaranta.

Sunan nan bai bar ta ba har ta koma ga Allah. Wasunku da ke zaune nan uwayenku sun hana ku bi ta ƙofarmu, na sani, ba kuma ina tuhumar kowa ba ne. Ta rayu da shi tana ɗaure ƙoƙuna kowace safiya, ga duk yaron da uwarsa ta yarda, da waɗanda suka zo a ɓoye.

Allah ka san abin da ke cikin tukunyarta, ka san abin da ke cikin zuciyarta. Ka gafarta wa baiwarka Kulu, ka cire mata tsoro a kabarinta, ka haɗa ta da yaron nan da ta bari a bakin hanya. Amin.